Gajerun kalmomin Turanci masu ƙarewa da X: hadda ta isa, ko sai da ma'ana?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu Turanci ku agaza min. An ba 'yata aikin gida, 'yar aji biyar ce a firamare, wai ta rubuto kalmomi goma masu harafi uku da suka ƙare da x, kowace da ma'anarta. Mun samu box, fox, six, mix da fix, daga nan kanmu ya ƙulle. Gobe da safe za ta kai.

Mai Harafi Bakwai:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Goma kacal? Ga su nan har da gyara: tax, wax, vex, lax, hex, pox, fax, max, sax, tux, cox, lox, lux, nix, pyx, zax. In ba su isa ba akwai kex da yex da zex. Ki kwafe mata, malamar ma sai ta nemi ƙamus.

Maman Hanifa:
To ma'anarsu fa, ƙanena? Ai da ma'ana aka ce.

Mai Harafi Bakwai:
Nan kuma sai malamai, Anti. Ni dai na san a Scrabble, wasan haɗa kalmomi a kan allo, zax maki 19 ce tun kafin ta hau gidan da ke ninka maki.

Tsohon Malami:
Kun ji irinta ko? Yaro ya zubo kalmomi kusan ashirin, an ce fassara ɗaya ya ce sai malamai. Maman Hanifa, kar ki ba yarinya zax da pyx, malamarta za ta gane ba ita ta yi ba. Ki tsaya kan waɗanda za ta ci karo da su a littafin karatunta.

Box akwati ne ko kwali, kuma in aikatau ne yana nufin yin dambe irin na Turawa. Six shida. Mix gauraya ko cakuɗa. Fix gyara, kamar gyaran keke, amma ana kuma cewa an yi fix ɗin rana, wato an tsayar da ita. Tax haraji. Wax kaki, irin na zuma ko wanda ake kyandir da shi. Vex ɓata wa mutum rai. Lax sakaci, ko a ce abu ya yi sako-sako, kamar dokar da ba a matsa wa kowa a kanta. Fax ita ce na'urar nan da ake tura hoton takarda ta layin waya, wadda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Fox kuma ki rubuta yanyawa. Goma ke nan.

Sai ki sa ta yi jimla ɗaya da kowace, ko da ba a ce ta yi ba.

Baban Khalifa:
Allah gafarta Malam, fox ba dila ba ne? Mu dai tun muna firamare dila aka koya mana.

Tsohon Malami:
Haka aka koya wa kusan kowa, amma dila shi ne jackal. Abin da ya jawo cakuɗewar tatsuniya ce. A tatsuniyoyin Turawa fox ne mai wayo, shi ke damfarar hankaka da sauran dabbobi. Mu kuma a namu dila ne malamin daji. To mai fassara da ya zo kan labarin sai ya ɗauki dila, don mai sauraro ya gane nan take cewa ga gwanin dabara ya iso. A tatsuniya hakan ya yi daidai. A ajin kimiyya kuwa bai yi ba. Jan fox ɗin nan na Ingila babu shi a dajinmu. Danginsa da muke da shi shi ne yanyawa, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, launinta kamar ƙasa, tana kwana a rami sai dare ta fito.

Na Ƙauye:
Malam ya yi gaskiya, yanyawa daban dila daban. Wanda ya taɓa rasa kaji ya san bambancinsu. Ni tawa tambayar kan ox ce. Na ga a littafin yarona an zana sa an rubuta ox, a wani shafin an sake zana sa an rubuta bull. Wanne ne sa a ciki?

Tsohon Malami:
Duka biyun, Alhaji. Bull shi ne bijimi, wanda aka bari don barbara. Ox kuma wanda aka dandaƙe aka hore shi don aiki, irin shanun huɗa da masu jan amalanke, ko takarkari mai ɗaukar kaya. Jam'insa oxen, ba ya bin ƙa'idar sauran. Amma harafi biyu ne, bai shiga aikin Hanifa ba.

Na Ƙauye:
Ashe ina da oxen huɗu a gida ban sani ba. Bana ma haya na ba da biyu.

Mai Harafi Bakwai:
Tunda an zo kan ox bari in shigo, don nan ne gonata. A wasan Scrabble kalmomi uku ne masu harafi biyu da suke ƙarewa da x: ax, ex, ox. Duk wanda bai haddace su ba bai fara wasa ba. Haruffa 100 ne a jaka, x ɗaya ce tak a ciki, kuma maki 8 take da shi. Q da Z ne kawai suka fi ta, su goma-goma ne. Bambancin shi ne Q tana iya maƙale maka a hannu har a tashi wasa, ita kuwa x ba ta da wuyar sauka.

Ga yadda ake cin kasuwa da ita. Ka nemi gidan da ke ninka harafi sau uku, wanda yake da wasali a hagunsa da kuma wani a samansa. Ka ɗora x yadda za ta ba da kalma a kwance, ta kuma ba da wata a tsaye, a ce ax a kwance, ox a tsaye. Takwas sau uku 24, ana ƙirga ta sau biyu, ga maki ɗaiɗai na wasulan, 50 ke nan cif. Daidai da ladan da ake ba wanda ya zubar da haruffansa bakwai a tashi ɗaya. Mutum ya sha wuya ya haɗa doguwar kalma yana murmushi, kai ka ajiye 'yar ƙwaya ɗaya ka kamo shi.

Haddar ma ba ka yi ake yi ba. Sai ka ɗauki ax ka riƙa sa mata harafi a gaba: fax, lax, max, pax, sax, tax, wax, zax. Ka ɗauki ox: box, cox, fox, lox, pox, sox, vox. Ka ɗauki ex: hex, kex, rex, vex, yex, zex, da wata da ba zan rubuta ba tunda aikin yarinya muke yi. To Malam, a cikin duk wannan ina ma'ana ta shigo?

Tsohon Malami:
Ba ta shigo ba, shi ya sa nake cewa lissafi kake yi, ba Turanci ba. Ba na raina wasan, na ga amfaninsa wajen rubutun yara. Abin da ba na so shi ne a ce wa ɗalibi ya san kalma alhali siffarta kawai ya sani. Gobe a jarrabawa aka ce ya sa lax a jimla sai ya tsaya yana kallon silin.

Mai Harafi Bakwai:
Allah gafarta Malam, a makarantar allo ma ai hadda ake fara yi, fassara sai daga baya.

Tsohon Malami:
Ka faɗa da bakinka, "daga baya". Wanda ya sauke yakan wuce makarantar zaure a karanta masa tafsiri da littattafai. Kai yaushe za ka wuce? Shekara nawa kana ɗora zax ba ka taɓa tambayar mece ce ba?

Shugaban Zaure:
A bar misalin makarantar allo haka nan, kar a kai mu inda ba mu nufa ba. A ci gaba da x.

Mai Harafi Bakwai:
An bari, ranka ya daɗe. To ga hujjar da ba ta taɓa kowa ba. Akwai wani mutumin New Zealand, Nigel Richards, wanda masu wasa da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba. A 2015 ya shiga gasar Scrabble ta duniya ta harshen Faransanci a Beljiyam ya cinye, alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin 'yan makonni. A 2024 ya sake yin haka da ta Sifaniyanci. Masu harshen suna zaune, ya zo ya ɗauke kofi.

Kuma a wannan shekarar ta 2015 ɗin dai, Wellington Jighere, ɗan Najeriya daga jihar Delta, ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostireliya. Ya doke Lewis Mackay na Birtaniya wasa huɗu ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci, har Shugaba Buhari ya kira shi a waya. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta yi rahoto a 2016 kan salon 'yan Najeriya, cewa sun fi karkata ga gajerun kalmomi, suna toshe allo kar abokin karawa ya samu hanya. Gajerun nan da Malam ke gani kamar wasan yara, su suka kai mu can.

Tsohon Malami:
Madalla da Jighere, ni ma na yi murna a lokacin. Amma shi Richards ɗin naka, a ajiye shi a kasuwar Faris a ce ya yi cinikin tumatir mu gani. Ai labarinsa hujjata ce, ba taka ba. Ya nuna ana iya cin wasan ba tare da harshen ba, wato wasan daban, harshen daban. Maman Hanifa kuwa harshe take so 'yarta ta koya.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku daga Zinder ina dariya. Mu a nan wahalarmu da x ta bambanta da taku. A Faransanci in ta zo ƙarshen kalma yawanci ba a furta ta sam. Deux, wato biyu, prix, wato farashi, paix, wato zaman lafiya, duk x ɗinsu shiru take. To ranar da aka fara koya mana Turanci a kolej, yaro ya ga fox sai ya ce "fo", ya ga wax ya ce "wa". Six kuma rubutunta ɗaya a harsunan biyu, ma'ana ɗaya, amma mu "sis" muke cewa. A Scrabble ɗin Faransanci ma x maki 10 ce, ba 8 ba.

Baban Khalifa:
Mu kuma ƙari muke mata. "Sikis", "bokis", "fakis". Ku kun rage, mu mun ƙara.

Tsohon Malami:
Wannan ita ce maganar da na fi so a tsaya a kai, don ita ke kayar da yaranmu. Babu x a haruffan boko na Hausa, kuma ba ma buƙatarta. A waɗannan kalmomin sauti biyu ne aka dunƙule a harafi ɗaya, k da s. Hausa kuwa ba ta rufe kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai harshe ya cusa wasali a tsakani don ya samu wurin hutawa. A hira babu laifi, kowa zai gane ka. Matsalar tana takardar furuci ta WAEC. Za a ba ka tax a ce ka zaɓi wadda ƙarshenta ya yi daidai da ita, a jera maka task, tacks, tags da wata. Amsar tacks ce, don ita da tax furucinsu ɗaya ne sak, kamar yadda lax da lacks suke. Yara da yawa task suke ɗauka, saboda sun juya sautukan biyu.

Sanin cewa x sauti biyu ce yana warware wasu abubuwa biyu kuma. Na ɗaya, jam'i: tunda kalmar ta riga ta ƙare da sautin s, ba a iya manna mata wata s ɗin kai tsaye, sai a ce boxes, foxes, taxes. Na biyu, ba a ninka ta. Sit takan koma sitting da t biyu, amma fix sai fixing da x ɗaya, mix kuma mixed. Na sha jan layi da jan biro a ƙarƙashin "fixxing".

Hajiyar Kwari:
Malam barka da ƙoƙari. Ni wax ɗin ce ta tsaya min. Ka ce kaki ne, mu kuwa a kasuwa in an ce wax atamfa ake nufi. Super Wax ga ta nan a shagona, 'yar Holan. Me ya haɗa atamfa da kakin zuma?

Tsohon Malami:
Yadda ake yin ta ne, Hajiya. Asalin sana'ar daga Indonesiya take, ana kiranta batik. Sai a zana ado da narkakken kaki a jikin farin yadi, a tsoma a rini. Inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Mutanen Holan da suka mulki ƙasar suka kwaikwayi abin da inji, daga baya kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma. 'Yan tsage-tsagen nan da kike gani a jikin zanen, kamar jijiyoyi, daga fashewar abin da aka rufe yadin da shi suke, inda rini ya ɗan kutsa.

Hajiyar Kwari:
Ikon Allah. Su ne ma masu saye ke dubawa, su juya bayan zanen su ga ko launin ya ratsa, don su bambance ta da 'yar kanti mai araha. Shekaru ina sayarwa.

Nas Rabi:
Tunda kowa na jan nasa, bari in ja pox. Ba kasafai za ku gan ta ita kaɗai ba, takan zo ne a manne. Chickenpox ƙarambau, smallpox agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita a 1980. Iyayenmu da yawa suna da tabon lambarta a dantse. Sai wadda muke kira ƙyandar biri, da hukumar ta sauya wa suna zuwa mpox a 2022. Amma a lura, ƙyanda ta yara ita ce measles, ba ta cikin dangin pox ko kaɗan. A asibiti iyaye kan haɗa ƙyanda da ƙarambau, alhali rigakafinsu ma ba ɗaya ba ne.

Mai Harafi Bakwai:
Pox maki 12.

Nas Rabi:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Baban Khalifa:
Malam, saura na yaron nan da ka tsallake. Ni fa yanzu sai na ji mece ce zax kafin in kwanta.

Tsohon Malami:
Zax wani ƙarfe ne mai kama da 'yar adda, masu rufin gida a Turai ke yanka fale-falen dutsen rufi da shi, su huda musu gurbin ƙusa. Zex ita ce dai, rubutu ne ya bambanta. Pyx ɗan ƙaramin gwangwani ne da ake ajiye gurasar ibada a coci. Cox shi ne mai riƙe da akalar kwalekwalen tsere, yana zaune yana ba masu tuƙi umarni. Lox kifin salmon ne da aka jiƙa a ruwan gishiri, kalmar daga Yahudawan Turai ta shiga Turancin Amurka. Hex sammu. Nix a hana abu ko a soke shi. Yex shaƙuwa, a tsohon Turanci na karkara. Kex busasshen kara mai rami a ciki. Lux ma'aunin haske ne, kafin wani ya ce min sabulu.

Sauran kuma guntaye ne da aka datse. Max daga maximum, tux daga tuxedo, kwat ɗin biki, fax daga facsimile. Sax daga saxophone, abin busa da ya ci sunan wanda ya ƙera shi, Adolphe Sax ɗan Beljiyam, a shekarun 1840.

Kun ga rabinsu ko Bature ba ya faɗarsu a shekara. Shi ya sa na ce kar a ɗora wa 'yar aji biyar.

Mai Harafi Bakwai:
To Malam bari in ba ka rabin gaskiya, rabi kawai. Akwai abin da muke bukata daga ma'ana, wato mu san kalma suna ce, aikatau ce, ko sifa. Vex aikatau ce, don haka vexed da vexing sun halatta. Lax sifa ce, akwai laxer da laxest. Zax kuwa suna ce zalla, zaxes kawai take karɓa. Ka ɗora zaxed, abokin wasa ya ƙalubalance ka, a duba a ga babu, ka kwashe haruffanka, ka yi asarar zagayen. Iyakar abin da nake nema ke nan. Ko dutse ake yanka da ita ko kabewa, bai dame ni ba.

Sannan a san wane jerin halattattun kalmomi ake bi. Mu a Najeriya na ƙamus ɗin Collins muke amfani da shi, kamar yawancin duniya. Amurka da Kanada suna da nasu, wanda ya fi ƙanƙanta. Yex da zex suna cikin Collins, babu su a na Amurka. Shi ya sa wani lokacin manhajar waya take ƙin kalmar da ka tabbata akwai ta.

Tsohon Malami:
Da ka san zax kayan aiki ce, ai da ba sai ka haddace cewa ba ta karɓar ed ba. Aiki biyu kake yi a inda ɗaya ya isa.

Mai Harafi Bakwai:
Ba kullum ba, Malam. Ax ma kayan aiki ce, gatari, amma axed ta halatta. Box akwati ne, boxed ta halatta. Turanci ba shi da amana a wannan wajen, jerin ne kawai alƙali.

Ɗan Damagaram:
A nan kam yaron ya kama ka, Malam. Ni kuma in an yarda a ƙara harafi ɗaya, ina da wadda ta shafe mu: oryx. Ita ce mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu zuwa baya. Dattawanmu sun san ta a dajin arewa. Farauta da fari suka ƙarar da ita, har a shekarar 2000 aka ce babu sauranta a daji sai a gidajen ajiye dabbobi. Daga 2016 aka fara mayar da su daji a ƙasar Chadi, kuma sun hayayyafa. Yaranmu sun san sunan a ƙamus, ba su san mariri ba.

Mai Harafi Bakwai:
Oryx maki 14, kuma tana raba ka da y. Masu huɗu ai suna da yawa: flax, flex, flux, coax, hoax, jinx, lynx, onyx, ibex, apex, crux. Jinx ce sarauniyarsu, 18.

Na Ƙauye:
Hoax ɗin nan na sha ganinta a Facebook. Me take nufi?

Nas Rabi:
Labarin ƙarya da aka shirya da gangan don a ruɗi mutane, Alhaji. Irin saƙon nan na a yi wanka da ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014.

Na Ƙauye:
Kar ki tuna min. Da asuba aka tashe mu gida guda.

Baban Khalifa:
Ba wanda ya taɓa ex fa. Ko tsoro ake ji?

Hajiyar Kwari:
Tsohuwar mata ko tsohon miji, ko saurayin da aka rabu. Ka tambayi 'yan matan yanzu, sun fi Malam sanin wannan.

Shugaban Zaure:
Baban Khalifa, Maman Khalifa tana cikin zauren nan, ina tuna maka ne kawai.

Tsohon Malami:
Mai Harafi Bakwai, ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da allonka. Sharaɗi ɗaya: duk kalmar da mutum ya ɗora sai ya faɗi ma'anarta, in ya kasa a cire masa maki goma.

Mai Harafi Bakwai:
Na yarda, amma a rage zuwa biyar, kuma da agogo za a yi, minti 25 kowa. Na san ku malamai, sai ku shekara kuna neman doguwar kalma.

Baban Khalifa:
Ni ne alƙali. Wa zai kawo ƙamus?